Sunan Mama Damaris

Akwai wani saurayi mai suna Ben, ɗan unguwar Kamazou a nan Kaduna, wanda ƙafarsa ba ta san zama ba. Tun da ya gama makaranta ya bar gida. Ya yi Legas, ya yi Fatakwal, har Kwatano ya leƙa. Ya sayar da wayoyi, ya yi aikin kwamfuta, ya ɗan taɓa harkar kirifto, wato kuɗin nan na intanet da ake saye da sayarwa ta waya. Duk inda ya je, da ya fara sabawa da mutane sai zuciyarsa ta ce masa gaba ta fi.

Da farkon damina ya dawo gida, da jaka ɗaya a kafaɗa.

Mahaifiyarsa, Mama Damaris, ta yi rawa a tsakar gida, ta yi kuka, ta sake yin rawa. Ta dafa masa faten acca da yakuwa, ta zauna tana kallonsa yana ci kamar wani zai ƙwace mata shi.

Amma ta lura da abu guda. Ben bai kwance jakarsa ba. Ta share masa wadirof, ta shimfiɗa jarida a ciki, shi kuwa ya jingine jakar a bayan ƙofa. In zai sa riga ya zaro, in an wanke ya mayar. Kullum in ta shigo shara sai ta zagaye jakar da tsintsiya. Ba ta taɓa ta, ba ta kuma cewa komai.

Mama Damaris ba mai kuɗi ba ce. Abin da take da shi suna ne. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma ita ake aikawa bincike. In yarinya ta kawo saurayi, kafin a karɓi gaisuwa sai iyaye su ce, "A tura Maman Ben." Ba ta sanar da zuwanta. Ba ta fara shiga gidan da aka aike ta. Takan zauna wurin mai tuyar ƙosai ko mai injin niƙa na layin, ta yi ta hira har a manta baƙuwa ce. Kuma akwai tambayar da ba ta taɓa bari ba.

"Kowa zai nuna maka yadda ake shiga gidansu," takan ce. "Ni ina tambayar yadda ake fita. Wadda ta taɓa zama a gidan, da ta so tafiya, an bar ta ta tafi da mutuncinta da kayanta?"

Saboda haka in Mama Damaris ta ce gida na kirki ne, magana ta ƙare.

Wata ranar Asabar Ben ya haɗu da Wilson, abokinsa tun firamare, a wani wurin cin kifi a Barnawa. Wilson ya yi ƙiba, ya sa farar riga mai hoton rumbu a ƙirji.

"Ɗan gudun hijira!" in ji Wilson, ya rungume shi. "Ka gama zagaye duniya ka dawo da jaka ɗaya? Zauna, Allah ne ya kawo ka a kan gaɓa."

Ya buɗe waya ya nuna masa. Wani sabon tokin ne, irin kuɗin kirifto da wasu ke ƙirƙira su sayar, sunansa Rumbun Gobe. Ana sayar da shi da araha yanzu, kafin ya shiga babbar kasuwa. Wai an yi shi ne don manoman citta da masara, su riƙa ajiya ba sai sun bi ta banki ba.

"Ranar da farashinsa zai tashi, gaye, ba za ka ƙara hawa keke ba," in ji Wilson. "Kuma oga yana neman manaja na Kaduna ta Kudu. Albashi duk wata, ofis a nan Barnawa. Na ba da sunanka."

Ben ya gyara zama. Aiki a gida. Abin da ya rasa ke nan duk shekarun nan.

"Me ake so in yi?"

"Ƙaramin abu. Bidiyo ɗaya. Mama ta sa ankon zumunta, matan su tsaya bayanta, ta ce ita ma ta shiga Rumbun Gobe. Shi ke nan. Ka san matan nan, ni in na yi magana sai su ce yaro ne. Amma Mama? Haba."

Da yamma Ben ya sami mahaifiyarsa tana gyaran wake a faranti. Ya fara yi mata bayani, yana neman kalmomin da za ta gane. Bai kai rabi ba ta ɗago kai.

"Aikin a nan Kaduna ne?"

"A nan Barnawa, Mama."

"Za ka riƙa kwana a gida?"

"Eh mana."

"To na yarda. Ranar Alhamis bayan zumunta a zo a ɗauka."

Ta ci gaba da tsince wakenta, har da 'yar waƙa. Ben ya yi murna, amma murnar ba ta zauna masa daidai ba, kamar takalmin aro.

Ranar Litinin ya raka ta Tudun Wada, shagon Hajiya Asabe mai atamfa, wadda ta daɗe tana kawo wa matan zumunta anko. Ƙawance ne na shekaru, tun suna 'yan mata suna layin famfo ɗaya.

"Oyoyo Damaris! Wannan ne ɗan namu da ya ƙi mu?" Hajiya ta kama kunnen Ben ta ja. "Ka ga yadda ka rame? Can ba sa tuwo ne?"

Aka yi dariya, aka kawo ruwa. Can sai Hajiya ta rage murya.

"Af, yaron nan Wilson ya biyo ta nan jiya. Ya ce kin shiga wani abu na waya, rumbu ne ko me? Na ce masa ni ban san kan waya ba, ko kati sai an sa min. Amma in Damaris ta sa hannu, ido rufe zan shiga. Jarin da zan yi sarin kayan sallah na ware. Na faɗa wa matan layinmu ma."

Mama Damaris ta yi murmushi kawai. Ben kuwa ya ajiye kofin ruwansa.

A cikin keke napep suna komawa, Ben ya juya ya dube ta.

"Mama, 'ya'yan mutane kina yi musu bincike har ƙauyen kakanninsu. Ni na kawo miki abu, ko tambaya ɗaya ba ki yi min ba."

Ta gyara ledar atamfa a cinyarta.

"Kai na gama bincikenka tun kana ciki."

"Ba ni ba, Mama. Su."

Mai keke ya kauce wa wani rami. Sannan ta ce, a hankali, "Ben, in na yi tambaya, zan iya jin amsar da za ta sa ka ɗauki jakar nan. Na gaji da yi maka addu'a ta waya."

Ashe matar da ba a taɓa ruɗa ba ta rufe idonta da hannunta, saboda shi. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa ta ɗauko ta miƙa masa kamar kuɗin mota.

A ransa ya ce, to, tunda ita ba za ta je ba, ni zan je mata.

Washegari ya tafi Barnawa bai faɗa wa Wilson ba. Ofishin yana saman wani bene, da babban allo mai hoton rumbu. Bai hau ba. Ya zauna a ƙasa, wurin wata mai sayar da abinci da ake kira Debby, ya sayi shinkafa da wake, ya yaba yajinta, ya tambayi lafiyar yaranta. Sai da faranti ya kusa ƙarewa ya nuna sama da cokali.

"Maƙwabtan nan naku suna ciniki kuwa?"

"Waɗannan?" Debby ta taɓe baki. "Sai ranar ɗaukar hoto suke cika. Kujerun ma haya ne, da yamma ake zuwa a kwashe. Ogan nasu kuwa, ni dai ban taɓa ganin ƙeyarsa ba. Kullum wai yana Dubai."

Ben ya koma gida ya buɗe kwamfutarsa. A shafin Rumbun Gobe akwai hoton shugaban, wani mai gilashi da murmushi mai tsabta. Ya ɗauki hoton ya nema a intanet. Sai ga mutumin nan a tallan man goge baki, ga shi kuma a tallan wata makarantar koyon tuƙi a wata ƙasa. Hoton haya ne, kamar kujerun.

Ya buɗe takardar da suka rubuta bayanin aikin. Turanci mai santsi, alƙawari kamar ruwan sama. Amma babu sunan ƙungiyar manoma ko ɗaya, babu sito, babu wanda za ka kira ya ce eh, muna tare da su. A wani shafi can ciki ma sun manta ba su goge sunan wani tsohon tokin ba, wanda daga takardarsa suka kwafo.

Ya duba inda tokin ɗin yake a ajiye, don a harkar kirifto wannan a fili yake ga duk mai son gani. Kusan duka yana cikin walet ɗaya, wato asusun mutum guda.

Duk da haka zuciyarsa ta yi ta kawo masa uzuri. Wataƙila sababbi ne. Wataƙila ogan ba ya son a san fuskarsa. Albashi fa, Ben. Barnawa fa.

Sai ya tuna tambayar Mama.

Ya sayi tokin ɗin na kuɗin kati. Nan take ya shigo, har da saƙon taya murna da hoton ganga. Sai ya danna wurin sayarwa. Shiru. Ya sake dannawa. Aka rubuto masa cewa a jira. Ya nemi ranar da za a buɗe, babu inda aka rubuta. Amma babban walet ɗin nan, shi kullum yana fitar da kuɗin da mutane suka zuba zuwa wani wuri.

Ya shiga gurup ɗinsu ya rubuta cikin ladabi: "Don Allah wace rana za a iya sayarwa, kuma wa ke riƙe da babban walet?" Kafin ya ajiye wayar an cire shi.

Ranar Laraba ya sami Wilson a gidansu. Ya zauna kusa da shi a kan benci, ya nuna masa komai ɗaya bayan ɗaya.

Wilson ya miƙe. "Hassada ce! Ka je ka yi yawonka ka dawo hannu rabbana, yanzu ka ga na kusa tashi."

"Wilson, zauna."

"An kulle ne don kada farashi ya faɗi! Kowane babban aiki haka yake yi."

"Masu gaskiya in sun kulle suna rubuta ranar buɗewa, kuma nasu suke fara kullewa. Kai ka taɓa ganin ogan da idonka?"

"Muna waya."

"Ka taɓa fitar da ko na ruwan leda?"

Wilson ya koma kan bencin. Ya zauna. Ya ɗauko wayarsa ya danna wurin sayarwa. Aka rubuto masa a jira.

"Kekena na sayar na zuba kuɗin, Ben," ya ce, muryarsa ta koma ta yaron da suka yi firamare tare. "Da shi nake ci da mahaifiyata da ƙannena."

Ben ya dafa kafaɗarsa. "Na sani ba cuta ka zo yi mana ba. Kai ma cinikin biri a sama aka yi da kai. Amma ka daina kai sunan Mama gidajen mutane."

Wilson ya ture hannun. Bai shirya yarda ba tukuna. Mutum in ya sa duk abin da ya mallaka a rami, ya fi so a ce masa rijiya ce.

Ranar Alhamis da safe Ben ya tarar da Mama tana guga. Ankon zumunta ne, ta sa masa sitati, ɗankwalin yana rataye a kujera.

"Mama, na je bincike."

Ta ajiye dutsen guga. "Wa ya aike ka?"

"Ke. Ba ki dai sani ba."

Ya faɗa mata abin da Debby ta ce, da hoton haya, da asusun mutum guda. Ta saurara kamar yadda iyayen 'yan mata ke sauraronta. Da ya gama ta ce, "Fita fa?"

"Babu, Mama. Ƙofar shiga a buɗe take har da ganga. Ta fita mutum ɗaya ke da mabuɗi, kuma ba wanda ya san fuskarsa."

Ta gyaɗa kai. Idonta ya tafi kan ƙofar ɗakinsa, inda jakar take.

"Aikin ya tafi ke nan."

"Ya tafi."

Ta jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba, don bai saba yi mata alƙawarin da bai tabbatar ba. Ta ɗauki dutsen gugar ta ƙarasa hannun rigar, tana share ido da gefen zani.

Da yamma, bayan an gama waƙa an ajiye tukwanen kiɗa, Mama Damaris ta miƙe a gaban matan zumunta.

"'Yan'uwana, an zagaya da sunana cewa na shiga wani abu na waya. Na kusa shiga, ba zan ɓoye muku ba. Amma an je min bincike, ɗan aikena ya dawo. Gidan nan ba na kai 'ya ba ne. Wadda ta shiga, da ƙafarta ta shiga, ba da tawa ba."

Daga coci ta hau keke zuwa Tudun Wada, ta faɗa wa Hajiya Asabe da bakinta, ta kuma roƙe ta ta bi matan layinsu gida gida.

Kada ku ɗauka an tafa musu. Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Ben ɗaci. Lambobin da ke cikin wayar waɗanda suka shiga kullum hawa suke. Wata Madam Scholastica, wadda ta shiga duk da gargaɗin, takan ɗaga wayarta a bakin coci.

"Maman Ben, kin ga nawa ya ninka? A gaida mana ɗan bincike. Shi bai tara ba, ya hana uwarsa tarawa."

Samarin layi suka sa masa suna Sufeto. In ya wuce sai su ƙame su sara masa. Sau da yawa yakan shiga ɗaki ya tsaya a kan jakar nan. Mota tana tashi Legas kullum. Amma in ya tafi, wa zai tsaya kusa da Mama a bakin coci? Ya ja ta cikin maganar mutane, ba zai bar ta ita kaɗai a ciki ba. Sai ya nemi ɗan teburi a shagon wani mai gyaran waya a bakin titi, ya fara zama.

Kafin a fara cin sabuwar masara, wata safiya aka tashi gurup ya ɓace. Shafin ya ƙi buɗewa. A Barnawa, Debby ta ce tun jiya aka sauke allon. Lambobin suna nan a waya, manya manya, amma ko ƙwayar gyaɗa ba za su saya ba.

Ben bai yi dariya ba, don babu abin dariya. Madam Scholastica ta kwanta ciwo. Mama ce ta fara zuwa gaishe ta, da kunu a fulas, ba ta kuma ta da maganar ba.

Wilson kuwa ya kwana biyu bai fito ba. Da ya fito, gidan Mama ya nufa, ya durƙusa a tsakar gida.

"Tashi, ɗana," in ji Mama. "Ka ci abinci? Ben, kawo masa kujera. Keke dai ƙarfe ne, wani zai zo. Gobe ku je wurin Baba Zakariyya'u mai kekunan haya, yana neman direba mai amana."

Da Asabar sai ga Hajiya Asabe da kanta a Kamazou, da turmin atamfa a hannu da mata biyu a bayanta.

"Ina Sufeton? Fito!" Ta miƙa wa Mama atamfar, ta miƙa wa Ben wayarta. "Jarina yana nan, na yi sarina lafiya. Yanzu ga wani sabo jikana ya turo min, wai shi na zinariya ne. Duba min gidansu."

Ben ya karɓa yana dariya. "Hajiya, ni ba na cewa a saya. Abin da na gani kawai nake faɗa. Wani ma ko gidan na kirki ne, ana iya yin asara."

"To uwarka ma ai ba ta taɓa cewa aure ba zai yi ɗaci ba. Cewa take a san inda ake kai ƙafa. Duba min."

Mama Damaris tana daga bakin kicin tana kallonsu. Ta ce wa matan, "Na yi zaton ba wanda zai gaje ni. Ashe yana Kwatano."

Washegari ta shiga ɗakinsa da tsintsiya kamar kullum. Ta kai bayan ƙofa, ta karkata hannu za ta zagaye, sai ta ga babu abin zagayewa. Ta buɗe wadirof. Riguna a jere, takalma a ƙasa. Jakar tana can sama, a naɗe, ba komai a cikinta.

Ta rufe wadirof ɗin. Sannan ta share bayan ƙofar nan tas, wurin da tsintsiya ba ta taɓa ba tun farkon damina.

Darasi: Kafin ka sa kuɗinka a sabon tokin, ka yi masa binciken da za ka yi wa gidan da za a kai 'yarka. Su wane ne masu shi, kuma akwai wanda ya taɓa ganinsu? Me maƙwabta ke cewa? A hannun wa dukiyar take? Sama da komai, ka gwada ƙofar fita da ɗan abin da ba zai dame ka ba, kafin ka shiga da kayanka. In tambaya ta sa an kore ka, ka riga ka sami amsa. Kuma kada ka ari fuskar wanda mutane suka yarda da shi ka kai inda kai kanka ba ka leƙa ba, don kuɗi in ya tafi yana dawowa, suna kuwa ba a sarinsa a kasuwa. Ku tura wannan ga iyayenmu mata da ke cikin gurup gurup, da duk wani Wilson da kuka sani, tun kekensa yana hannunsa.